Yadda ake lissafa girman sa tun yana maraƙi har ya cika

A karar shanu ta Maraɗi, ko ta Dakwaro, ko ta Sabon Mashi, ido ne sikeli. Dillali ya dubi tozo, ya shafa kuturi, ya faɗi kuɗi, kuma sau da yawa ba ya yin nisa da gaskiya. Sai dai ido yau kawai yake gani. Ba zai gaya maka kilo nawa bijimin zai ƙara nan da baɗi ba, balle ya nuna maka lokacin da harawar da kake zuba masa ta fara fin naman da yake mayar maka tsada. Wannan aikin lissafi ne, kuma ba dole sai da kwamfuta ba. Tef ɗin tela, da littafi mai gida-gida irin na ƴan lakwal, da na'urar lissafin da ke cikin wayarka sun isa.

Abu guda ya kamata a riƙe kafin a taɓa tef. Sa ba ya ƙara kilo iri ɗaya kowace shekara. Kowace dabba tana da iyakar nauyin da jininta da kiwonta za su kai ta, kuma abin da take yi kowace shekara shi ne rage wani kaso na tazarar da ke tsakaninta da wannan iyaka. Kamar mai bashi ne da ya ɗaure wa kansa biyan kashi 3 cikin 10 na abin da ya rage a kansa duk shekara: biyan farko mai kauri ne, na baya kuwa sai ƙanƙancewa yake yi. Samuel Brody, masanin dabbobi a Jami'ar Missouri ta Amurka, shi ne ya shahara da wannan tsari, a littafin da ya fitar a 1945, kuma har yau masu binciken shanun nama suna aiki da shi.

Mataki na ɗaya: ware dabbobin, ka ba kowace shafinta

Kada ka haɗa Azawak da Bororo da Gudali a lissafi guda. Girmansu ba ɗaya ba ne, saurin cikarsu ma ba ɗaya ba ne. Gwamnati ma ta ware musu wurare: Azawak a tashar Tukunus ta wajen Filinge, Bororo a cibiyar Fako ta ƙasar Dakwaro. Haka nan kada ka haɗa bijimi da karsana, ko dandaƙaƙƙen sa da wanda ba a taɓa ba. A saman shafi rubuta sunan dabbar ko kamanninta, irinta, uwarta, da ranar haihuwa. In sayo ta ka yi, dubi baki. Haƙoran gaba takwas ne, duka a ƙasa. Biyun farko na girma kan fito tsakanin shekara 2 da 2 da rabi a shanunmu masu tozo, baki kuma ya kan cika wajen shekara 5. Ƙiyasi ne kawai, amma kada ya dame ka, za ka ga cewa lissafin da ke tafe ba ya neman ranar haihuwa.

Mataki na biyu: awo

Maraƙi ba wuya. Ka sa buhu ƙarƙashin cikinsa ka rataya a sikelin awon hatsi, ko ka hau sikelin mutane da shi a hannu sannan ka cire nauyinka. A yi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa. Maraƙin shanunmu ya kan faɗo da kilo 20 zuwa 25, ko kusa da haka.

Babban sa kuwa, tun da ba kowa ke da sikelin da zai ɗauke shi ba, da tef ake yi. Awo biyu ne. Na farko zagayen ƙirji: tef ya bi ta bayan ƙafafun gaba daidai, ya haye ta bayan tozo, ba ta kansa ba. A ja shi ya kwanta a kan fata, amma kada ya nutse. Na biyu tsawon jiki: daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙashin nan da ke fitowa a gefen gindin wutsiya. Duka da santimita.

Sai ka ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka raba da 10,840. Abin da ya fito kilo ne. Misali, ƙirji 150, tsawo 120: 150 sau 150 ya ba da 22,500, sau 120 ya ba da 2,700,000, a raba da 10,840, an sami kilo 249. Wannan ita ce ƙa'idar Schaeffer. Waɗanda suka yi karatun kiwo da Faransanci sun fi sabawa da ta Crevat, wadda ke ɗaukar zagayen ƙirji kaɗai da mita, a ninka shi da kansa, a sake ninkawa da shi, sannan a ninka da 80. A kan wannan sa ɗin dai, ta Crevat za ta ba ka kilo 270. Ka ga tazarar kilo 21 a kan dabba guda. Duka biyun ba a kan shanun Sahel aka gina su ba, don haka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta har ƙarshe. In kuma ka sami damar hawar da ko da dabba biyar kan sikeli na gaske, yi amfani da ita ka gyara tef ɗinka: idan tef ya ce 249 sikeli ya ce 235, raba 235 da 249, za ka sami 0.94, daga nan duk abin da tef ya ba ka sai ka ninka shi da wannan.

Yadda dabbar ta tsaya yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, ƙafafu huɗu a daidaice, kai a sake ba a sunkuye ba. Da safe ake awo, kafin a je mashaya, kafin a zuba abinci, domin tumbin saniya na ɗaukar kilo da dama na ruwa da ciyawa, kuma cikakken ciki na buɗe haƙarƙari. Auna sau uku ka ɗauki na tsakiya. Mutum ɗaya ya riƙa riƙe tef kullum, don hannun wani ya fi na wani ja. Kuskuren santimita 3 a ƙirji yana kawo kuskuren kilo 10. Ka riƙe wannan adadi, zai yi mana aiki nan gaba.

Bororo ba ya son baƙon hannu. A bar makiyayin da ya saba da shi ya zagaya masa tef, kai ka tsaya nesa da littafinka.

Mataki na uku: san lokacin da ake kwatantawa

A nan ne lissafin da aka gina a ƙasashen da ciyawa ba ta yankewa yake tuntuɓe in ya iso ƙasarmu. Sanmu ba ya hawa a miƙe. Daga tsakiyar damina zuwa kaka yana tashi, a lokacin ɗari ya tsaya ko ya ɗan ƙara da karan gona da harawa, a bazara ya zube. Har farkon damina ma zubewar ba ta tsayawa nan take: ruwan farko ya ɓata tsohuwar ciyawa, sabuwar ba ta kai a cika ciki da ita ba, ga zawo. Sai daga baya ya rama da sauri, har ya fi saurin wanda bai taɓa ramewa ba. Masana na kiran wannan girman ramuwa.

Saboda haka ka riƙa awo kowane wata, ko kowane wata biyu in garken na da yawa, amma wajen lissafin girman rayuwa kaka da kaka za ka kwatanta. Zaɓi wata guda, a ce Nuwamba, lokacin da dabba ke cikin jikinta, ya zama shi ne ma'auninka duk shekara. Wanda ya kwatanta awon Nuwamba na bana da na Mayu na baɗi ba girma ya auna ba, yunwar bazara ya auna. Sauran awon watanni ba asara ba ne, su ne za su nuna maka zurfin ramin bazara, da ko dusa da tunkuzar da kake saye suna cike shi.

A gefen kowane awo rubuta abin da ya faru: an yaye shi, ya yi ciwo, an ba shi maganin tsutsar ciki, an sa shi huɗa, an tafi da shi arewa. Ga saniya, rubuta ciki da haihuwa, kuma kada ka sa awon watanni ukun ƙarshe na ciki a lissafi, nauyin biyu ne.

Mataki na huɗu: zana

Watanni a layin ƙasa, kilo a layin tsaye, kowane awo ɗigo guda. Yi wa ɗigon kaka da'ira. Idan ka ga ɗigo ɗaya ya yi tsalle shi kaɗai, koma shafin ka duba, galibi tef ne ya zame kan tozo ko an auna bayan shan ruwa.

Mataki na biyar: fitar da iyaka da kaso

Awon kaka uku a jere kake buƙata. Mu ɗauki misali na koyo, ba na wani garke ba. Wani ɗan bijimi ya ba da kilo 150 a kakar farko, 240 a ta biyu, 303 a ta uku.

Ƙarin shekarar farko: 240 a cire 150, saura 90. Ƙarin ta biyu: 303 a cire 240, saura 63. Raba na biyu da na farko, wato 63 a raba da 90, an sami 0.7. Ma'anarsa ƙarin kowace shekara kashi 7 cikin 10 ne na ƙarin wadda ta gabace ta. Ta wata fuskar, yana rage kashi 3 cikin 10 na tazarar da ta rage masa duk shekara.

Yanzu iyaka. Cire 0.7 daga 1, saura 0.3. Raba ƙarin farko da shi: 90 a raba da 0.3 ya ba da 300. Wannan ita ce tazarar da ta rage masa a kakar farko. Haɗa da nauyinsa na lokacin, 150 da 300, ka sami 450. Bijimin nan, in kiwonsa bai canja ba, wajen kilo 450 ya nufa.

Daga nan sauran sauƙi ne, ka riƙa ninka tazarar da 0.7 kana cire ta daga 450. A kaka ta uku tazarar 147 ce. A ta huɗu za ta koma 103, nauyi 347. A ta biyar 72, nauyi 378. A ta shida 50, nauyi 400. Dubi ƙarin yadda yake sauka: 90, 63, 44, 31, 22. Har baya ma ana iya komawa: 300 a raba da 0.7 ya ba da kusan 429, a cire daga 450, saura 21. In shekara guda ce tsakanin haihuwarsa da kakar farko, kilo 21 ɗin nan nauyin haihuwarsa ne, kuma ya yi daidai da abin da aka sani.

Ka lura ba mu tambayi shekarunsa ba ko sau ɗaya. Abin da lissafin ke nema kawai shi ne tazarar lokaci tsakanin awo ukun ta zama ɗaya. Shi ya sa yake aiki har ga san da aka sayo a kasuwa.

Mataki na shida: gwada ƙarfin abin da ka samu

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi na biyar muhimmanci. Koma kan santimita 3 ɗin nan. A ce a kaka ta uku tef ya yi sako-sako, ka rubuta 313 maimakon 303. Ƙarin ya zama 73, a raba da 90, 0.81, iyaka ta tashi zuwa sama da kilo 620. A ce kuma an matse tef, ka rubuta 293. Ƙarin 53, kaso 0.59, iyaka ta faɗo wajen 370. Faɗin yatsu biyu a kan tef ya sa bijimi guda yana yawo tsakanin 370 da 620.

Ba wai lissafin banza ba ne, awo uku na dabba guda ne ba su da ƙarfi, musamman in tana ƙarama. Magani uku ne. Ka haɗa tsara: maruƙa biyar ko goma iri ɗaya, jinsi ɗaya, kiwo ɗaya, ka ɗauki matsakaicin nauyinsu a kowace kaka ka yi lissafi da shi, kuskuren wannan ya kashe na wancan. Ka dubi manyan garken: in uban bijimin da ƴan'uwansa da suka cika baki ba wanda ya wuce 450 a tef ɗinka, lissafin da ya ce maka 620 ƙarya yake. Mafi kyau ma ka ɗauki iyakar daga gare su, ka bar awo ya ba ka kason kawai. Na uku, duk kakar da ta zo ka sake lissafi da sabon awo. Shekarar fari kuwa a yi mata alama, kada a gina hasashe a kanta.

Mai kwamfuta zai iya sa duk awon a Excel ko LibreOffice. Tsarin Brody ana rubuta shi haka: A*(1-b*EXP(-k*t)). A ita ce iyaka, t shekarun dabba da watanni, k saurin cika, b kuma kason iyakar da ya rage ranar haihuwa. A misalinmu A 450 ce, b kusan 0.95, k kusan 0.03 a wata. Sai a buɗe layi na bambancin awo da hasashe, a ninka kowane bambanci da kansa, a tara, a sa Solveur, wato kayan aikin manhajar da ke laluben adadin da ya fi dacewa, ya juya A da b da k har jimillar ta kai ƙanƙantarta. In kwamfutar ta Faransanci ce, waƙafi take karɓa a madadin ɗigo, 0,03. Ɗaliban aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke aiki da manhajar lissafi ta R, umarnin nls ne ke yin wannan. A nan kam ana buƙatar shekarun dabba, kuma dole a sami awon manya a ciki. In duk ƴan ƙasa da shekara 2 ne, kwamfuta za ta ba ka A, amma ƙirƙirarta ta yi.

Akwai wasu tsare-tsaren, kuma za ka ci karo da sunayensu. Tsarin Brody na ɗauka cewa girma ya fi sauri tun ranar farko sannan ya riƙa raguwa, alhali maraƙi ya kan fara a hankali, ya ƙara wuta, sannan ya sassauta. Waɗansu tsare-tsaren na kama wannan lanƙwasa. Na Gompertz, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro shi a 1825 don lissafin mace-macen mutane, yana sa ƙololuwar sauri a kashi 37 cikin 100 na iyaka. Na von Bertalanffy a kusan kashi 30. Wanda ake kira lojistik a rabi daidai, abin da ya yi latti ga shanu. Na Richards, na 1959, yana barin awo ya zaɓi wurin da kansa, sai dai yana neman awo mai yawa kuma sau da yawa kwamfuta kan kasa tsayar masa da amsa guda. Ga mai nazarin maruƙa kafin yaye, Gompertz ya fi. Ga mai son sanin inda sa zai tsaya, ban ga dalilin barin Brody ba.

Mataki na bakwai: mayar da shi kuɗi

Saniya na cin busasshen abinci kusan kashi 2.5 cikin 100 na nauyinta a rana. Ma'aikatan kiwo da wannan suke aiki: dabba mai kilo 250, kilo 6.25 a rana. Sa wannan a kan bijiminmu. Tsakanin kakar farko da ta biyu nauyinsa na wajen 195, yana cin kusan kilo 5 a rana, ya ƙara 90 a shekara. Kowane kilo na jiki ya ci kilo 20 na abinci. Tsakanin kaka ta uku da ta huɗu nauyinsa na wajen 325, yana cin kilo 8 a rana, ya ƙara 44 kacal. Kowane kilo yanzu ya ci kusan 67. Abincin bai lalace ba, yawancinsa ne ya koma riƙon jikin da aka riga aka gina.

Sai ka ɗauko farashin ranar. Nawa ka kashe a shekara kan harawa, dusa, kanwa, magani da ladan makiyayi, kuma jika nawa dillali ya ce sa mai 347 ya fi mai 303? Ranar da na farkon ya wuce na biyun, ajiyar ta zama ci. Ka tuna kuma nama wajen rabin nauyin mai rai ne, mahauci da wannan yake taya maka.

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Wanda shanunsa ke daji suna cin ciyawar Allah zai iya jira fiye da wanda ke cikin gari yana sayen dami. San da ke jan amalanke ko garma yana biyan abincinsa da aiki, ba a yi masa hukunci da kilo kaɗai. Kasuwa kuma na ƙara wa ƙaton sa kuɗin kwarjini, musamman in fataken Najeriya sun shigo ko Sallah ta matso.

Kiwon turke lissafinsa daban ne, amma layin girman na taimaka wa mai saye. Auna ramammen sa a bazara, dubi haƙoransa, ka kwatanta da inda tsaransa suke a layinka. In ƙashinsa ya kai amma nauyinsa na ƙasa da layi da kilo 50 ko 60, wannan giɓin ne ribarka, domin girman ramuwa na iya wuce rabin kilo a rana in abinci ya kyautu. In kuwa tsawonsa ma bai kai na tsaransa ba, tsumburewa ce, ba rama ba. Irin wannan galibi tun yana maraƙi aka tatse uwarsa aka bar shi da kaɗan, kuma wanda ya tsumbure da wuri ba kasafai yake rama duka ba. Riƙa auna na turke duk mako biyu. Idan awo biyu a jere suka nuna ƙarin ya sauka ƙasa da kuɗin abincin kwanakin, a kira dillali.

Ga mai zaɓen karsanar da zai bari a garke, kada girman iyaka ya ruɗe shi. Binciken shanu ya sha nuna cewa masu babbar iyaka sun fi jinkirin cika, kuma babbar saniya babban ciki ne da za a riƙa cikawa a watan Mayu. Karsana mai matsakaiciyar iyaka da saurin cika ta kan riga ɗaukar ciki. Dubi shafinta ka ga kilo nawa ta zubar a bazara biyun da suka wuce, da wata nawa ta ɗauka kafin ta koma kan layi, ka sa wannan kusa da iyakarta kafin ka yanke wadda za ta zauna da wadda za ta bi motar kasuwa.